Da-na-sanin Bayan Ƙoshi

 Yau ina so mu dubi wani baƙin ciki da ya shigo garuruwanmu ba da sallama ba, wanda kakanninmu ba su san shi ba ko a mafarki. A zamaninsu in mutum ya yi ƙiba ya ajiye teɓa, sai a ce Allah ya buɗa masa. Mace kuwa in ta cika ta yi ɓulɓul, sai a ce ta dace da gidan hutu. Yau ga shi likita ya kan dubi mutum ya ce masa, "Alhaji, sukari ya yi yawa a jininka, jinin kuma ya hau. In ba ka rage nauyi ba, akwai magana." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da ƙibar da ta kai a kira ta cuta, watau fiye da mutum miliyan dubu. Abin da da mu ke ji daga nesa muna cewa ciwon Turawa ne, yanzu ga shi a zaurukanmu da ɗakunan matanmu.

Maganin ƙiba aikin likitoci ne, na bar musu. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne halin da mutum kan shiga bayan ya ɗaura niyyar ragewa. Ga yadda abin ya kan kasance. Mutum ya yi mako uku yana kiyaye dokar da aka kafa masa, ya rage malmalar tuwo daga uku zuwa ɗaya, ya bar shayi mai sukari cokali huɗu, ya daina tsayawa wurin mai tsire da dare. Wandonsa ya fara sakewa, yana murna a ransa. Kwatsam sai ga sunan ɗan ƙanensa, ko ɗaurin auren 'yar maƙwabci, ko kuwa Babbar Salla ta zo gida ya gauraye da ƙanshin suya. Aka ajiye masa akushi, ga masa tana nason mai, ga miyar taushe, ga alkaki da nakiya a gefe. Ya ce bari ya taɓa kaɗan don kada a ce ya raina. Kafin ya farga ya ga gindin kwano. Daga nan hira ta fita ransa. Ya koma gida ya kwanta yana juyi, yana ce wa kansa, kai dai ba ka da zuciya, kai bawan cikinka ne, wahalar mako uku ta tafi a banza. Kafin barci ya ɗauke shi ya riga ya yanke wa kansa hukunci, gobe ko koko ba zai sha ba. Gari ya waye, ya cika alkawari har azahar, wataƙila har la'asar. Magariba na yi yunwa ta ci ƙarfinsa, ya ci abin da ya fi na jiya, ya kwana da baƙin cikin da ya fi na jiya. In aka yi haka sau uku ko huɗu, sai ya ce shi kam ba a halicce shi don wannan ba, ya watsar da maganar likita gaba ɗaya.

Ra'ayina a kan wannan, kuma zan kawo hujjojina, shi ne cin da aka yi a wurin suna ƙaramar ɓarna ce, wadda a kan shafe ta cikin 'yan kwanaki. Babbar ɓarna tana cikin shari'ar da mutum ya yi wa kansa da dare, inda shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma dogarin da zai yi bulala. Hausawa sun ce in ruwa ya zube ya bar tulu ya yi kyau. Mai zargin kansa kuwa, don haushin ruwan da ya zube, sai ya ɗaga tulun ya rotsa da ƙasa.

Bari mu fara da lissafi. Masana abinci suna auna ƙarfin da ke cikin abinci da wani awo da su ke kira kalori. Baligi ya kan bukaci wajen 2,000 zuwa 2,500 a yini, gwargwadon girman jikinsa da irin aikinsa. Kafin jiki ya tara kitse kilo ɗaya kuwa, sai an ci rarar kalori wajen 7,700 bisa abin da jiki ya ƙone. To, a ce mutum ya buɗe ciki a wurin walima ya ci rarar 2,000, watau ya ɗora abincin yini guda a kan na yininsa, wanda kuwa ba ƙaramin ci ba ne. Iyakar kitsen da wannan zai iya zama bai fi rubu'in kilo ba sai da ɗan kaɗan. Rubu'in kilo fa! Abin da in an narke shi bai wuce cikin kofi guda ba, shi ne ya hana magidanci barci.

Wani zai ce, ai na hau sikeli da safe na ga kilo ɗaya da rabi ya ƙaru da idona. Gaskiya ne ka gani, amma galibinsa ruwa ne. Jiki ya kan ajiye wani kashi na tuwo da shinkafa a hanta da tsoka don guzuri, kuma kowane giram na guzurin nan ya kan riƙe ruwa wajen giram uku. Gishiri da magi da a ke zubawa ba awo cikin girkin biki su ma su kan sa jiki ya riƙe ruwa. Ga kuma abincin kansa da bai gama ratsa hanji ba. In aka koma ci irin na kullum, kwana biyu ko uku sai ka ga nauyin ya sauka. Wanda ya hau sikeli washegarin biki, kamar mai auna gero ne bayan ya kwana a jiƙe.

Yanzu ga abin da zargin kai ke haifarwa. A shekarar 1975 wani malamin ilmin halayyar ɗan'adam mai suna Peter Herman, da ɗalibarsa Deborah Mack, suka yi wani gwaji a Jami'ar Northwestern ta ƙasar Amurka. Suka tara 'yan mata ɗalibai, aka ce musu an kira su ne su ɗanɗana askirim iri uku su faɗi yadda suka ji shi. Kafin ɗanɗanon, waɗansu aka ba su kofi guda na madara mai kauri da zaƙi, waɗansu kofi biyu, waɗansu ba a ba su kome ba. Sa'an nan aka bar kowace ita kaɗai da askirim, aka ce ta ci iyakar son ranta, daga baya aka auna abin da ta rage ba tare da saninta ba. Waɗanda ƙiba ba ta dame su ba suka yi abin da hankali zai ɗauka, wadda ta sha madara ta ci askirim kaɗan, don cikinta ya riga ya ɗauka. Amma masu takura wa kansu don gudun ƙiba sai suka yi akasin haka. Wadda ba a ba madara ba ta ɗan lasa ta ajiye cokali, wadda ta sha kuwa ita ce ta ci da yawa. Me ya kawo haka? Ta riga ta ce a ranta, yau dai doka ta karye, a ci kawai, gobe a yi sabon lale.

Herman ya koma Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, inda shi da abokiyar aikinsa Janet Polivy suka shafe shekaru masu yawa suna juya wannan gwaji ta fuskoki dabam-dabam. Abin da ya bayyana shi ne zato ya fi tumbi iko a wannan wuri. In aka ba mai takurawa wani abinci aka ce masa mai sa ƙiba ne, ko da kuwa ba haka ba ne, ya kan saki linzami bayan ya ci. A 1998 su da wata abokiyar aiki suka ba da labarin gwajin da suka yi da sikelin da aka murɗa, ya riƙa nuna laba biyar sama da gaskiya. Masu takurawar da aka gaya musu nauyin ƙarya ransu ya ɓaci, suka raina kansu, da aka ajiye musu abin taɓawa kuma suka ci fiye da sauran. Ku lura fa, ko giram ɗaya bai ƙaru a jikinsu ba. Baƙin cikin kaɗai ne ya miƙa hannunsu cikin kwano.

Sai hukuncin yunwa, wanda shi ne mutane suka fi ɗauka a kan tuba ce ta gaskiya. A ƙarshen shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani a Jami'ar Minesota mai suna Ancel Keys ya so ya san abin da yunwa ke yi wa ɗan'adam, don a san yadda za a farfaɗo da mutanen Turai da yaƙi ya bari ba abinci. Ya zaɓi samari 36 daga cikin waɗanda suka ƙi ɗaukar bindiga saboda aƙidarsu, dukansu masu ƙoshin lafiya da natsuwar hankali, kuma su suka kawo kansu. Mako 12 aka ciyar da su sosai. Sa'an nan mako 24 aka rage abincinsu ya koma wajen rabi, kusan kalori 1,600 a yini, galibi dankalin Turawa da burodi da taliya, kuma kowane mako sai sun yi tafiyar mil 22 a ƙasa. Suka zubar da wajen rubu'in nauyinsu, har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Abin da ya fi ramar ba da mamaki shi ne yadda hankalinsu ya koma kan abinci ɗungurungum. Hirarsu abinci, mafarkinsu abinci, waɗansu suka shiga tara littattafan girki da kayan ɗakin girki, mutum ya zauna sa'a biyu yana jujjuya lomar da da ya kan gama cikin minti kaɗan. Ɗaya daga cikinsu da ke aiki a wani kanti, ran nan ya kasa daurewa, ya cinye biskit da gugguru da ayaba biyu da suka nuna har suka wuce. Nan take ransa ya ɓaci, ya koma ya amayar, ya shiga zagin kansa da ƙyamar kansa. Da aka sakar musu mara a ƙarshe, waɗansu suka riƙa ci har ciki ya cika su ci gaba, suna cewa yunwar ba ta tafi ba, aka yi watanni a haka. An buga labarin duka a 1950 cikin manyan littattafai biyu.

Ku duba, waɗannan mutane ne da suka iya tsayawa gaban gwamnatinsu a lokacin yaƙi suka ce ba za su yi harbi ba, aka yi musu gori suka jure. Wa zai ce ba su da zuciya? Amma yunwa ta sa ɗayansu ya rasa kansa a gaban ayaba biyu. Ba a banza aka ce yunwa a ba ki a huta ba. Lalle yini guda ba ci bai kai mako 24 ba, amma hanyar ɗaya ce, matsa ciki a yau shi ke kiran wawaso a gobe. Mai horon kansa da yunwa ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Yau an san dalilin wannan a cikin jini. A 1994 Jeffrey Friedman da mutanensa a Jami'ar Rockefeller ta birnin Niyu Yok suka gano wani sinadari da a ke kira leftin, wanda kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa don ya shaida mata rumbu a cike ya ke. A 1999 masana a ƙasar Japan suka gano wani kuma, girelin, wanda tumbi ke fitarwa in ya zama wayam, shi ne mai kiran yunwa. In mutum ya rage nauyi, na farkon ya kan ragu, na biyun ya ƙaru. A 2011 likitoci a birnin Malbon na Ostareliya suka ba da labarin mutum 50 masu ƙiba da aka sa su cin abinci ɗan ƙanƙane har mako goma. Shekara guda bayan haka aka auna jinin waɗanda suka saura cikin gwajin, aka tarar mai kiran yunwa har yanzu yana sama da inda ya ke tun farko, su kuma suna jin yunwa fiye da da. Watau mai rage ƙiba ya kan zauna gaban akushi ɗaya da ɗan'uwansa, amma kiran da ke cikin kunnensa ya fi na ɗan'uwan ƙarfi. In wata rana ya amsa kiran, ba adalci ba ne a ce halinsa ne ya lalace.

Na san abin da waɗansu dattawa za su ce, kuma maganarsu ba ta yarwa ba ce. Za su ce, Malam, so ka ke ka cire wa doki linzami. In mutum bai ji zafin abin da ya yi ba, me zai hana shi komawa? Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, addini da al'ada duka sun hori mutum kada ya cika tumbinsa, sun kuma ƙi almubazzaranci. Haka ne, ban kuwa ce a yi wa zarin ci guɗa ba. Sai dai zafin rai iri biyu ne. Akwai wanda ke duban aikin, ya ce jiya na zarce, ga inda zan gyara. Wannan gajere ne, yana da ƙarshe, kuma ya kan bar mutum tsaye da ƙafafunsa. Akwai kuma wanda ke barin aikin ya kama mai aikin, ya ce ni lalatacce ne, ba zan taɓa iyawa ba. Wannan ba shi da ƙarshe, gama ba ya nuna abin da za a yi gobe. Malamanmu da kansu sun rarrabe tsakanin nadama, wadda ke mai da mutum kan hanya, da yanke ƙauna, wanda ke fid da shi daga kanta, suka yabi ta farko suka tsoratar a kan na biyu. Galibin abin da mai rage ƙiba ke ji a daren biki na biyun ne ya sa rigar ta farko.

Tun da linzami a ke magana, sai a gwada a ga wanne ke tsai da dokin. A 2014 Roeline Kuijer da Jessica Boyce na Jami'ar Canterbury a ƙasar Niyu Zilan suka buga wani bincike inda suka tambayi mutane, in an ambaci kek na cakulan, me ke fara zuwa ransu, biki ko laifi? Waɗanda suka ce laifi ba su fi sauran ƙarfin niyyar gyara cinsu ba, sun ma fi jin cewa abin ya fi ƙarfinsu, kuma da aka bi su har wata 18 su ne suka fi kasa riƙe nauyinsu wuri ɗaya. Kafin wannan, a 2007, Claire Adams da Mark Leary a Amurka sun ba 'yan mata ɗalibai wani irin fanke mai sukari su ci. Waɗansu aka bar su da tunaninsu, waɗansu aka yi musu 'yar magana mai taushi, cewa kowa ya kan ci irin wannan wani lokaci, kada su tsananta wa kansu. Daga nan aka kawo alewa a ɗanɗana. Cikin masu takurawa, waɗanda aka tausasa wa magana su ne suka ci alewa kaɗan. Gwaje-gwaje ne ƙanana, ba zan ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu ba. Amma dukansu gabas ɗaya suka fuskanta, kuma sun dace da abin da kowane mai horon yaro ya sani, yaron da a ke kira ɓarawo kullum ba ya daina sata don an kira shi.

Akwai kuma masu fakewa da azumin nafila, mutum ya zarce ran Lahadi ya tashi da azumi ran Litinin. Azumi ibada ne, hukuncinsa da maganar niyyarsa gonar malamai ce, ba zan shiga ba. Abin da zan iya faɗa ta fuskar jiki shi ne, wanda ya yini da yunwa don haushin kansa ya kan iso buɗa-baki da fushi da yunwa a haɗe, ga kunu ga ƙosai ga soyayyen dankali, kafin isha'i ya biya bashin yini har da riba.

Kada kuma mu ɗora wa mai ci nauyin duka. A wurinmu da abinci a ke nuna ƙauna da girmamawa. Baƙo ya ci kaɗan, sai uwargida ta aiko a tambaya ko miyar ce ba ta yi ba. Mace ta rage ƙiba da umurnin likita, ta je gidansu, gwaggonta ta kama haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya? Ko mijin naki ba ya ba ki abinci ne?" Waɗansu har su fara raɗe-raɗin wata muguwar cuta. Ita ɗin ce kuma in ta ƙara kilo biyu, a wurin biki abokan wasa su ce ta cika ƙofa, a yi dariya, ita ma ta yi, ta koma gida ta yi kuka. Masu wannan ba'a su kan ce wai zaburar da ita su ke yi. A 2013 Angelina Sutin da Antonio Terracciano suka duba Amurkawa fiye da 6,000 da aka bi tsakanin 2006 da 2010, suka tarar waɗanda aka wulaƙanta saboda nauyinsu sun fi sauran faɗawa cikin ƙiba mai tsanani har ninki biyu da rabi. Ina roƙon masu masauki, in baƙo ya ce alhamdu lillahi na ƙoshi, a karɓa masa. In ana so a girmama shi, a ƙunsa masa ya kai wa yara. Mai ragewa kuma kada ya ji nauyin cewa likita ne ya hana shi, gama mutanenmu su kan saurara wa wannan kalma fiye da yadda su ke saurara wa "ina rage ƙiba".

To, in abin ya riga ya faru, me mutum zai yi? Ya karya kumallo da safe a lokacin da ya saba, da abin da ya saba, kamar jiya ba ta faru ba. Ya ci na rana, ya ci na dare, gwargwadon awon da likita ya ba shi. Ya sha ruwa. Ya yi tafiyarsa ta kullum, zuwa kasuwa ko gona ko masallaci mai ɗan nisa, ba tare da ya ninka ta don ramuwa ba. Sikeli kuwa ya bar shi sai ranar da ya saba hawa. In hankali ya kwanta, sai ya yi wa kansa tambaya guda, irin ta mai bin sawu, me ya kai ni? Sau da yawa amsar tana kusa. Ko ya tafi wurin suna bai ci kome ba tun safe, wai yana tanadin wuri, ya isa kamar kura. Ko bai sami barci ba kwana biyu. Ko ransa a ɓace ya ke da wani abu dabam, abinci ya zama abokin hira. Ko kuwa a tire ɗaya aka ci da mutum shida, inda ba mai iya sanin abin da hannunsa ya ɗauka, alhali da ya nemi a ɗibar masa a nasa kwano da ya ga iyakarsa. Kowace amsa a nan tana ɗauke da gyaranta.

Sau da yawa kuma dokar ce ta yi tsanani tun farko. Wanda ya haramta wa kansa masa har abada, ranar da ya ci guda ɗaya ya zama mai laifi a idonsa, mai laifi kuwa, kamar yadda muka gani ga 'yan matan askirim, ba ya tsayawa a ɗaya. Wanda ya ce ran Juma'a masa biyu zan ci, ya ci biyunsa ya wanke hannu, bai karya kome ba, ba shi kuma da dalilin cin ta goma.

Akwai hanyoyin ramuwa da ya wajaba in yi gargaɗi a kansu da babbar murya. Waɗansu su kan sha filasko, ko shayin rage ƙiba da a ke talla a tasha da intanet, wanda da yawansa maganin zawo ne aka sake wa suna. Irin wannan magani a babban hanji ya ke aiki, bayan ƙaramin hanji ya riga ya tsotse amfanin abincin. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, har da fotasiyam wanda zuciya ke bukata don ta buga daidai. Waɗansu su kan sa yatsa a maƙogwaro su amayar. Ruwan tsamin ciki ya ci haƙora, ya ƙona maƙoshi, gishirin nan kuma ya zube. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin, ko shan ƙwayoyin da ke saukar da sukari, shi ne ya fi kowa shiga haɗari in ya ƙi cin abinci don horon kansa, gama sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa, jiki ya ɗauki rawa, zufa ta keto, har ya suma. Wannan kada ya tsallake ci ko sau ɗaya sai da shawarar likitansa.

Wani lokaci kuma abin ya wuce zarcewar ranar biki, ya zama ciwo mai suna. Tun 1959 wani likita Ba'amurke, Albert Stunkard, ya bayyana shi, a 2013 kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin jerin cututtuka a matsayin cuta mai zaman kanta. Alamarsa ita ce mutum ya ci abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, yana jin ba zai iya tsayawa ba, galibi a ɓoye don kunya, ya biyo da baƙin ciki mai tsanani, kuma haka ta riƙa faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku. In ana haɗawa da amai ko maganin zawo, wannan ita ce cutar da Gerald Russell ya sa wa suna bulimiya a birnin Landan a 1979. Duka biyun suna da magani, galibi ta hanyar zama da masani a warware tunanin da ke jan mutum, a kuma mai da shi kan ci a kan lokaci. Wanda ya ga kansa a nan ya je asibiti ya faɗa wa likita yadda abin ya ke ba ɓoyewa. Ba hauka ba ne, faɗa da gori kuwa ba su taɓa warkar da shi ba.

Wani abin da ke hura wutar zargin kai shi ne burin da mutane kan ɗauka ya fi abin da lafiya ke bukata nesa ba kusa ba. Mai kilo 90 ya kan sa ransa sai ya koma 65 kamar ranar angoncinsa, duk abin da ya gaza haka a wurinsa faɗuwa ce. A 2002 aka buga sakamakon wani babban bincike a Amurka a kan mutum 3,234 waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon sukari. Kashi ɗaya daga cikinsu aka ce su rage bakwai cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako. Rabinsu kaɗai suka kai ga wannan awo cikin wata shida na farko, daga baya ma waɗansu suka ɗan koma. Duk da haka, cikin wajen shekara uku, kamuwa da ciwon sukari a cikinsu ta ragu da 58 cikin ɗari in an gwada da waɗanda ba a sa su wannan hanya ba. Shekara uku, in ana ci sau uku a yini, ci ne fiye da 3,000, kuma da jimlarsu aka sami wannan fa'ida. Bisa wannan awo, abin da ke gaban mai kilo 90 shi ne kilo shida da 'yar ɗoriya, da tafiyar rabin sa'a kwana biyar a mako.